Malam Saura da Lambar da Ta Ƙi Rabuwa

Duk wanda ya taɓa zuwa karɓar alli a siton makarantar sakandaren da ke bayan tashar mota ya san Malam Saura. Dogo ne siriri, mai tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya, kuma ba ya miƙa wa mutum kwalin alli sai ya buɗe ya duba ko akwai karyayye a ciki. Ƙananan malamai sun ɗauka a siton aka haife shi. Kaɗan ne suka san cewa dattijon nan da ke zaune tsakanin tsintsiya da karyayyun kujeru ya taɓa zama malamin lissafin da babu kamarsa a makarantar, kuma jimla ɗaya tak ce ta raba shi da allo.

Sunan ma a aji ya samo shi. In ɗalibi ya gama rabawa ya ɗaga hannu yana murna, sai Malam ya ƙanƙance ido ya ce, "To, saura nawa?" A wurinsa amsa ba ta cika sai an faɗi abin da ya rage. Tun ana kiransa da sunan a ɓoye har aka koma kira a gabansa, shi kuwa yana amsawa da jin daɗi.

Lambobin da ya fi ƙauna su ne waɗanda ba sa rabuwa, wato waɗanda babu abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu, irin su biyu da uku da biyar da bakwai. Gagararru yake kiransu. Yakan ce da ɗalibai, "Sha biyu ba ta da zuciya. Biyu ta zo ta raba ta, uku ta zo, huɗu ta zo, har shida ma ta samu rabonta. Amma ku je ku taɓa sha uku ku sha mamaki."

A shekararsa ta takwas da fara koyarwa aka kawo sabon littafin lissafi wanda Sufeton makarantun yankin ya rubuta, aka kuma wajabta shi a kowane aji. A shafi na sittin da huɗu akwai wata ƙa'ida da aka kewaye da baƙin layi, wadda marubucin ya fi alfahari da ita. Ƙa'idar ta ce in aka jera lambar biyu gwargwadon wata lamba marar rabuwa, aka ninka su da juna, aka cire ɗaya, to abin da ya fito shi ma ba ya rabuwa. Biyu guda uku sun ba da takwas, a cire ɗaya, bakwai. Guda biyar sun ba da talatin da ɗaya. Guda bakwai sun ba da 127. Duk waɗannan gaskiya ne. Sai misali na ƙarshe, guda goma sha ɗaya, wanda ya ba da 2047.

Malam Saura ya dubi wannan lamba ya ji ba ta kwanta masa ba. Ya ɗauki fensir, kafin shayinsa ya huce ya gano cewa ashirin da uku sau tamanin da tara ita ce 2047 cif. Ashe ƙa'idar wani lokaci takan faɗi daidai, wani lokaci ta kauce. Washegari ya sa ɗalibansa arba'in suka ja jan layi a ƙarƙashin misalin. Don kada su ɗauka hanyar ba ta da amfani sam, sai ya rubuta musu a allo wata ƙatuwar lamba da aka samo ta wannan hanya, wato biyu guda talatin da ɗaya a cire ɗaya: 2,147,483,647. Ya ce musu, "Wannan kam gagararriya ce ta gaske."

Bai gama sauke hannu daga allon ba ƙanshin turare ya shigo ajin, sannan mai turaren ya biyo baya, Hedimasta na take masa sawu. Sufeto ne ya zo rangadi ba sanarwa. Gajere ne mai cikar jiki, da agogo mai walƙiya wanda yake yawan gyarawa don a gani. Ya ratsa tsakanin tebura yana murmushi saboda ganin littafinsa a gaban kowane yaro, har idonsa ya faɗa kan jan layin. Ya duba tebur na biyu, ya duba na uku.

"Wane ne ya yi wa littafina wannan ta'asa?"

"Ranka ya daɗe, ni na sa su," in ji Malam Saura. "Akwai ɗan kuskure a wurin. In ka ba ni minti ɗaya zan nuna maka."

"Ban ba ka ba." Sufeto ya rufe littafin ba tare da ya ko karanta abin da aka ja wa layin ba. "Littafin da kwamiti ya yi wata shida yana tacewa, shi ne malamin aji zai gyara da biro?" Ya juya ya ga allo. "Wannan jerin gwanon kuma na mene ne?"

"Lamba ce marar rabuwa, yallaɓai."

"Wa ya gaya maka?"

"Na karanta a wani littafi tun muna kwaleji."

"Ka karanta. Kai da hannunka ka gwada?"

Malam Saura ya girgiza kai. Mutum ne da ba ya iya ƙarya ko da wuƙa a wuyansa.

Sufeto ya juya ga ɗalibai ya buɗe hannuwa. "Yara, kun ji malaminku. Littafin da ke gabansa bai yarda da shi ba, amma wanda ya gani a mafarki ya haɗiye ba tauna. Ku tambaye shi mana, saura nawa?"

Ajin ya fashe da dariya, har Hedimasta ya taya su. Bayan mako biyu rahoto ya iso, aka ba Malam Saura kwafinsa a siririyar takarda mai shuɗin rubutu. A tsakiya akwai jimlar nan: "Malamin nan yana koyar da abin da bai tabbatar ba." Aka mayar da shi kula da sito, aka ce na ɗan lokaci ne.

Da ƙarya zalla aka yi masa, da wataƙila ya haƙura ya bar wa Allah. Abin da ya ci masa rai shi ne akwai ɗigon gaskiya a cikin sharrin, domin lallai bai gwada ba. Wannan ɗigon shi ya hana raunin warkewa. Shekara uku yana rubuta takardun koke, kowacce kuwa sai a tura ta teburin Sufeto don ya yi sharhi a kanta. Sau tara ya je ofishin da ƙafarsa, sau tara aka ce yallaɓai yana taro. Ranar da ya dawo daga zuwa na tara ya zauna a sito ya shimfiɗa shuɗiyar takardar a gwiwarsa, ya rantse cewa hannun da ya rubuta jimlar nan shi zai soke ta, kuma a gaban mutane.

Ya fara da aro kalkuletar ofis, ya tarar gurbi takwas kawai take ɗauka, lambarsa kuwa gurbi goma gare ta. Ya mayar da ita yana murmushi, don dama ba da na'ura aka ƙalubalance shi ba.

Aikin da ke gabansa yana da wani rashin adalci wanda ya daɗe yana tunani a kansa. In kana so ka tona asirin lamba, mai raba ta guda ɗaya ya ishe ka, layi ɗaya a allo an gama. In kuwa wanke ta kake so ka yi, sai ka bi duk wanda ake zargin zai iya raba ta, ɗaya bayan ɗaya, ka nuna ya kasa. Ya ga cewa haka sunan mutum yake.

Duk da haka ba sai ya gwada lambobi biliyan biyu ba. Idan lambobi biyu suka haɗu suka haifi wata, in ɗaya ta yi girma dole ɗayar ta ƙanƙance, kamar ma'aunin da in gefe ɗaya ya hau ɗayan ya sauka. Da yake 46,341 sau kanta ta riga ta zarce lambarsa, in dai akwai mai raba ta, to ƙaramin cikinsu ba zai wuce 46,340 ba. Haka nan ba ya bukatar gwada lambobi masu rabuwa, domin duk abin da shida ta raba, biyu da uku sun riga sun raba shi. Gagararru kaɗai zai tura mata.

Shekara biyu ya yi yana tace su a bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Ya jera lambobi ya soke 'ya'yan biyu, ya soke 'ya'yan uku, ya soke na biyar, haka har ya kai ƙarshe, sannan ya sake daga farko don kada wata ta sulale. Suka tsaya guda 4,792. Ya je kasuwa ya sayo littattafan rubutu goma sha biyar masu shafi tamanin-tamanin. Siton da yake tsaro cike yake da irinsu, amma ko fensir bai ɗauka ba, don kada ranar da yake jira ta zo a ce da kayan makaranta ya yi.

Rabawa ɗaya a rana, ba ƙari ba ragi. Da ƙarfe huɗu, in an tashi, sai ya ja teburinsa kusa da tagar sito, ya fiƙe fensir, ya rubuta gurabun nan goma. In ya gama sai ya ninka amsar ya ƙara saura don ya ga ya dawo inda ya taso, sannan ya ja jan layi a ƙarƙashin sauran. Rabawa huɗu a kowane shafi. Da biyu, saura ɗaya. Da uku, saura ɗaya. Da biyar, saura biyu. Da bakwai, saura ɗaya. Ranar hutu a barandar gida yake yi. Ranar da aka aurar da babbar 'yarsa ma ya sulale daga cikin baƙi na rabin sa'a.

Uwargidansa, mace mai raha wadda ta yi zaman haƙuri da shi, takan ajiye masa ruwa ta tsaya tana kallon wuyansa a sunkuye.

"Malam, da rijiya kake haƙa haka, ai da unguwar nan ta huta da sayen ruwa."

"Ki bar ni, na kusa."

"Bara ma ka kusa. Shi mutumin nan da kake yi dominsa, ka san yanzu Darakta ne? Jiya na gan shi a bayan mota, wuyansa ya ninku uku. Kai kuwa in iska ta taso sai na riƙe ka."

"A wurina Sufeto ne," in ji shi, bai ɗago ba.

Akwai azabar da ta fi zaman siton ciwo. Duk shekara biyu sai an sake buga littafin Sufeto, a kawo shi kwali-kwali, kuma mai sito ne zai karɓa ya buga wa kowanne hatimin makaranta ya raba wa azuzuwa. Kowane sabon bugu ya iso, Malam Saura zai buɗe shafi na sittin da huɗu gabansa na faɗuwa, kada a ce wani ya riga shi. Sai ya ga 2047 tana nan zaune daram a cikin baƙin layinta, ya sauke ajiyar zuciya ya buga hatimi. Malamai da yawa ba sa kaiwa shafin kafin zango ya ƙare, waɗanda suka kai kuwa ba su ga dalilin gwada abin da Darakta ya rubuta ba. Shi kuma bai ƙara gaya wa kowa ba. Ya adana kuskuren nan kamar yadda ake adana wuƙa a kube.

Sau ɗaya tak aikin ya kusa kashe shi. A shekara ta tara da fara rabawar, wata Talata, ya sauke gurbi na ƙarshe ya cire, sai ya ga babu saura. Sifiri. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, sifirin yana nan yana kallonsa. In lambar ta rabu, to Sufeto ya yi gaskiya, kuma duk shekarun nan a banza ya ƙone su. Ya koma gida, ya kasa cin abinci. Da safe ya buɗe sito tun kafin mai shara ya iso, ya bi aikin gurbi-gurbi, sai ya ga ashe wajen kwafo lambar ya juya gurabu biyu. Ya gyara, saura ya fito. Ya zauna a kan kwalin alli ya yi dariya har da hawaye. Daga ranar sai da rula yake zana wa kowane gurbi ɗakinsa.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ta girma ta zama ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a asibiti. Wata ranar hutu ta same shi a baranda a kan littafi na goma sha uku, ta zauna kusa da shi ta danna wayarta.

"Baba, duba nan. Na sa lambarka, kafin in ƙifta ido ta ce ba ta rabuwa. Ka huta haka nan."

"Gaishe ta."

"Kuma an ce irin wannan lambar ba sai an gwada duka ba. Duk mai raba ta dole ya zama ninkin sittin da biyu da ƙarin ɗaya."

"Ɗari bakwai da arba'in da bakwai ne, in kin ƙirga su. Na san wannan tun kina goye."

"To don me ka zaɓi doguwar hanya?"

"Cewa ya yi da hannunka. In na kai masa gajeriyar hanya zai sake cewa wa ya gaya maka. Wannan karon ba zan bar masa ko ƙofar da ƙuda zai bi ba."

Auta ta ce, "Ni ma da littafin nan aka koyar da ni."

"Ke ai na gyara miki a gida."

"Sauran yaran fa, Baba?"

Fensirin ya tsaya a hannunsa na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da tafiya.

Bayan shekara goma sha uku da 'yan makonni ya iso gagararriya ta ƙarshe, 46,337. Ta shiga sau 46,344, saura 41,719. Ya ja jan layi, ya ɗaure littattafan goma sha biyar da igiya, na ɗaya a sama. Bai kai su ofis ba, domin a ofis ana iya cewa yallaɓai yana taro. Ya sa su a ƙasan akwati ya zauna jira. Shekara huɗu ya jira, a cikinsu ya yi ritaya, aka sallame shi a matsayin mai sito, da jimlar nan kwance a fayil ɗinsa.

Ranar ta zo da kanta. Aka sanar cewa Darakta zai ajiye aiki, kuma za a haɗa bikin ban-kwana da ƙaddamar da bugu na goma sha biyu na littafinsa, a babban zauren makarantar da ke bayan tashar mota. Aka ce zai ba da darasin ƙarshe a gaban malaman lissafi na yankin duka. Malam Saura ya sa aka goge masa farar rigarsa, ya sayi alli guda ɗaya sabo ya sa a aljihu.

Da hantsi zauren ya cika. An kafa allo a kan dandamali, an tara sababbin littattafan a gefe kamar bango, wakilin kamfanin ɗab'i na tsaye kusa da su yana washe baki. Sufeto ya tsufa, gashinsa ya yi fari, amma agogon da turaren suna nan. Kamar yadda Malam Saura ya zata, ƙa'idar shafi na sittin da huɗu ya zaɓa. Ya rubuta 7, ya rubuta 31, ya rubuta 127, ya rufe da 2047 da manyan baƙaƙe, aka tafa masa. Mai gabatarwa ya ce ko akwai mai tambaya, da muryar wanda ba ya tsammanin kowa.

Malam Saura ya miƙe daga layin baya, ya ratsa tsakiyar zauren da ɗaurin littattafansa a ƙirji, ya hau dandamali ya ajiye su a kan tebur.

Sufeto ya dube shi da fara'a. "Sannu, Malam. Daga wace makaranta?"

Wannan tambaya ta fi dariyar ɗalibai arba'in zafi. Shekara ashirin da biyu yana kwana yana tashi da fuskar mutumin nan, ashe shi ko kamanninsa bai riƙe ba. Ya zaro shuɗiyar takardar, wadda ta yi laushi kamar tsumma saboda ninkewa, ya matsa kusa da makirfo ya karanta kwanan wata da jimlar da sa hannun. Sannan ya ɗauki allin da ke kan tebur ya rubuta gurabunsa goma a saman allon.

"Ranka ya daɗe, a ajin da ke bayan zauren nan ka tambaye ni ko na gwada wannan lamba da hannuna. A lokacin ban gwada ba. Yau na kawo amsa."

Sufeto ya yi 'yar dariya ya gyara agogo. "Ikon Allah! Shekara ashirin da biyu? Haba Malam, ai da ka zo ofis."

"Na zo sau tara, yallaɓai. Kana taro."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sufeto ya ji dariyar ba tasa ba ce, kuma shi mutum ne da bai saba barin dandamali a hannun wani ba. Ya jawo ɗaurin ya kwance igiyar.

"Ka ce duka ka gwada?"

"Duk wata lamba marar rabuwa, daga biyu har zuwa 46,337. In ka samu ɗaya da na tsallake, jimlarka ta tsaya, ni kuma in ba ka haƙuri a gaban jama'a."

Sufeto ya ɗauki na sama ya fara buɗawa yana lasar yatsa. Malam Saura ya haɗa hannuwansa a baya. Ya san cewa a duniya babbar lamba guda ɗaya ce mutumin nan ya haddace, kuma ya san inda yatsan zai tsaya. Shafi na saba'in ya wuce, na saba'in da biyar ya wuce. A na saba'in da takwas yatsan ya tsaya, fuskar Sufeto ta washe kamar an kunna fitila.

"Jama'a, ku ba ni hankalinku!" Ya ɗaga littafin sama. "Ga 2039 a nan. Mai bi mata kuma 2053. To ina 2047? Ga ta nan a allo, yanzun nan na koyar da ita! Shekara ashirin da biyu, Malam, ka tsallake wadda kowane ɗan aji uku ya sani. Abin da na rubuta a kanka ashe har yau bai tsufa ba."

Malam Saura ya bar shi ya gama, ya bar 'yan tafin da suka fara suka lafa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon allinsa, ya miƙa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

"Ranka ya daɗe, minti ɗayan nan da na roƙa ka hana ni, shi nake so yanzu. Ashirin da uku sau tamanin da tara. Da hannunka."

Sufeto ya dubi allin, ya dubi zauren. Malaman lissafi sama da ɗari biyu ne a zaune, kuma tuni wasu sun sunkuya a kan wayoyinsu, wani gunaguni ya fara tashi daga layin gaba yana tafiya baya. Babu hanyar sauka daga dandamalin sai ta gaban allo. Ya karɓa. Ya rubuta tamanin da tara, ya sa ashirin da uku a ƙasa. Sau uku, 267. Sau ashirin, 1780. Ya ja layi ya fara tarawa daga dama. Bakwai. Huɗu. Hannunsa ya tsaya a nan, domin ya riga ya hango sauran, amma ya ƙarasa. Sabuwar 2047 ta zauna daidai ƙarƙashin tsohuwar, ƙarama, a karkace.

"Ashirin da uku na shafi na uku, yallaɓai, tamanin da tara na shafi na shida. Na gwada iyayenta, shi ya sa ban nemi 'yar ba." Malam Saura ya ɗan karkato makirfo wajen bakin Sufeto. "In an raba 2047 da ashirin da uku, saura nawa?"

Leɓen Sufeto ya motsa ba sauti.

"Na baya ba su ji ba, ranka ya daɗe."

"Babu."

Ba a yi dariya ba. Wakilin kamfanin ɗab'i ya zari littafi ɗaya daga bangon da ya gina, ya buɗe shafi na sittin da huɗu, ya juya yana kallon sauran kwalayen kamar wanda aka aiko wa da saƙon rasuwa.

Malam Saura ya shimfiɗa shuɗiyar takardar a kan tebur, ya cire murfin jan bironsa ya ajiye a gefenta. Sufeto ya sunkuya, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Bawan Allah, me ya hana ka same ni a keɓe? Yau fa ranar sallamata ce."

"A gaban yara arba'in ka yi naka, yallaɓai. Na ga na yau sun ɗan fi yawa, amma ai shekarun ma sun taru."

Sufeto ya ɗauki biron ya soke jimlar da layi ɗaya. A ƙasa ya rubuta, "Ya tabbatar," ya sa hannu. Malam Saura ya ɗaga takardar kusa da tabarau ya karanta a tsanake, ya mayar masa ya nuna da yatsa cewa ba a sa kwanan wata ba. Sai da aka sa. Ya ɗaure littattafansa, ya karɓi kwafin kyauta na sabon bugu da ake ba kowane tsohon ma'aikaci, ya sauka. Wani tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu shi ma furfura ta fara fito masa, ya miƙe tsaye da zai wuce, wasu suka bi shi suka miƙe. Malam Saura bai waiwaya ba.

A gida uwargida ta karɓi takardar ta juya ta gaba da baya.

"Kalma biyu? Shekara ashirin da biyu saboda kalma biyu? To alhamdu lillahi. Ajin da aka raba ka da shi fa, sun ce za su dawo maka da shi?"

"Wannan ba ya dawowa," in ji shi. Ya karɓi takardar ya sa ta a cikin littafi na ɗaya, a shafi na saba'in da takwas.

"To yanzu dai ka huta, ko?"

Ya ce ya huta. Ya ci abinci har da neman ƙari, abin da ta daɗe ba ta gani ba. Amma da ƙarfe huɗu ta yi, sai ta ji ƙarar jan tebur a baranda. Ta leƙo ta same shi zaune, ya gyara zaren tabarau, sabon bugun littafin Sufeto buɗe a gabansa a shafi na ɗaya, jan biro a hannu.

"Malam! Me kuma ya rage?"

"Shafi ɗari uku da goma sha biyu ne," in ji shi, bai ɗago ba. "Guda ɗaya kawai na duba. Kullum ɗaya, kafin baɗi war haka na gama."